Tafiya a mota da yaran da suka tasa: daga Kano zuwa Bauchi da Yankari

Tambaya: Wani magidanci daga Kano ya ce yana so ya ɗauki iyalinsa a motarsa ƙirar Sienna a hutun ƙarshen shekara, su je Bauchi gaida gwaggonsa, daga nan su wuce Yankari su kwana biyu. Yaransa huɗu ne: babban namiji ɗan shekara 17, mai bi masa mace 'yar 15, sai namiji ɗan 13, da auta 'yar shekara 10. Babban ya ce shi dai a bar shi a gida. Mai bi masa ba ta ɗaga kai daga waya. Ƙananan biyun kuwa da wuya su zauna wuri ɗaya ba a ji kansu ba. Yana tambaya ko ya tilasta wa babban, ko ya karɓe wayoyi, ko ya ɗan ba yaron tuƙi a hanya don ya ja ra'ayinsa, da kuma abin da ya kamata ya tanada.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri da wannan niyya. Aikina koyarwa ne a sakandare da ba ɗalibai shawara, kuma na daɗe ina cikin masu raka ɗalibai ziyarar gani da ido a wannan hanyar da kake shirin bi, don haka zan amsa maka ta fuskar yaran da kuma ta fuskar hanyar.

Abin da na fi ganin yana ɓata irin wannan tafiya shi ne uba ya shirya komai shi kaɗai, ya tsayar da rana, ya zaɓi masauki, sai ana gobe tafiya ya ce kowa ya haɗa kayansa. Lokacin da suke ƙanana hakan ya wadatar, da an ce mota sai tsalle. Amma ɗan shekara 17 yana da abokai, yana da ƙwallon da aka sa rana, yana da darasin share fagen JAMB, yana da abin da ya riga ya tsara wa hutunsa ko da a idonka ba wani abu ba ne. Idan aka loda shi a mota kamar buhun masara, jikinsa zai je Yankari, fuskarsa kuwa a murtuke za ta je ta dawo, kuma ƙannensa daga gare shi za su ɗauka. Saboda haka ka raba tafiyar gida biyu. Akwai abin da hukuncinka ne, babu shawara a cikinsa: duk abin da ya shafi rai da lafiya, da sallah, da zumunci. Sauran kuwa, inda za a tsaya, abin da za a ci, abin da za a kalla, abin da za a saurara a mota, yadda za a kashe kuɗin hanya, ka sakar musu da gaske, ba sakin baki ba.

A kan babban, ra'ayina ya tafi. Shekara ɗaya ko biyu nan gaba yana jami'a, hutunsa ba zai ƙara dacewa da na ƙannensa ba, kuma samun ku shida a mota ɗaya zai yi wuya. Amma kada ka sanar da shi hukuncin a tsakar gida a gaban ƙannensa. Ka kira shi ku biyu, ka tambaye shi dalilinsa, ka yi shiru har ya gama. Na san a gidajenmu akwai kunyar ɗan fari, uba da yawa ba su saba zama hira da babban ɗansu ba, wani ko sunansa ba ya kira. Idan haka gidanka yake, mahaifiyarsa ko ƙaninka su fara jin ta bakinsa. In dalilin mai ƙarfi ne, misali darasin jarrabawa da aka biya kuɗinsa, a matsar da ranar tafiya da kwana biyu ko uku, wannan kaɗai zai nuna masa ana ƙirga shi cikin manya. In kuwa ƙyuya ce da son zama da abokai, ka gaya masa a fili cewa gaida gwaggo ba abin da ake zaɓe ba ne, amma kana bukatarsa a tafiyar, sannan ka nuna masa bukatar a aikace.

Aikin da ya dace da shi shi ne motar da hanyar. Mako guda kafin tafiya ku je wurin bakanike tare, ko ma ka tura shi ya tsaya a kan aikin. A duba birki da man birki, baƙin mai, ruwan lagireto, batir, fitilu da waifa. Ka nuna masa yadda ake karanta shekarun taya: a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2321 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare, ko da zanenta bai suɗe ba. Tayar da ake sayowa ta hannu sau da yawa ta riga ta tsufa tun kafin ta shigo ƙasar, kuma fashewar taya a guje da mota cike da mutane na cikin munanan abubuwan da ke faruwa a manyan hanyoyinmu. Ya cire safaya da hannunsa ya ga akwai iska, ya gwada jak da sifana a ƙofar gida, ya canza taya sau ɗaya kana tsaye. Ya tabbatar akwai abin kashe gobara, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da tocila, ya haɗa takardun mota, lasisinka da inshora a jaka ɗaya. Yaron da ya yi wannan wahalar da hannunsa ba ya sake cewa a bar shi a gida, don tafiyar ta zama tasa.

Tuƙi kuwa, a'a. Doka ba ta ba da lasisi sai mutum ya cika shekara 18, kuma ko da ya iya juya mota a unguwa, hanyar Ningi ba wurin gwaji ba ce. Bayan Wudil yawancin hanyar guda ce, mai zuwa da mai dawowa, ga tirela da tanka, ga 'yan acaɓa da ke fitowa daga ƙauyuka ba sanarwa, ga shanu da awaki. Abin da sabon direba ya rasa ba riƙe sitiyari ba ne, ƙiyasta nisan motar da ke tahowa ne lokacin da zai wuce wata, kuma wannan sai da shekaru. Ka gaya masa haka ba tare da ka muzanta shi ba, ka yi masa alkawarin makarantar koyon tuƙi da lasisi idan ya cika shekarun, kuma ka cika. Sai dai ka sani duk tsawon tafiyar nan darasin tuƙi kake ba shi, ko ka yi niyya ko ba ka yi ba. In ka amsa waya kana tuƙi, haka zai yi. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin sama da mita 20 a kowace daƙiƙa, wato duba saƙo na daƙiƙa uku tafiyar mita sittin da wani abu ce ido a rufe. Ka miƙa masa wayarka ya riƙa amsa kira. Ƙa'idar gudu ga ƙaramar mota ita ce 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, ka bar shi ya zama mai tuna maka, kuma in ya tuna maka ka rage.

Bel ɗin kujera kowa zai ɗaura, har na baya. Mutane suna ganin baya babu haɗari, alhali wanda bai ɗaura ba a baya shi ne ake cillowa kan na gaba idan aka yi karo. Auta ta zauna a baya, ba a sa yaron da bai kai shekara 12 ba a gaba, kuma a duba bel ɗin ya bi ta kafaɗarta, ba ta wuyanta ba. Kada a sa jarkar fetur a cikin mota. Kada a cika but har kaya su tare gilashin baya.

Daga Kano zuwa Bauchi ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi da Kafin Madaki kusan kilomita 300 ne, ka ware masa awa biyar har da tsaye-tsaye. A watan Disamba akwai hazo, wani lokaci da sassafe ba ka hango nesa, don haka ku yi asuba, ku karya, ku tashi gari ya waye sosai. In da hali kada ku sa tafiyar ranar Juma'a, don ranar kasuwar Wudil ce, cunkoson motocin shanu da na kaya zai cinye muku safiyar. Dare kuwa babu shi a lissafi, a tafi ko a dawowa. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a wannan lokacin, ka tsara kowace tafiya ta ƙare kafin la'asar sakaliya, ta yadda ko taya ta yi faci kuna da sauran haske. Kwana ɗaya ko biyu kafin ku tashi ka tambayi direbobin tasha da ke bin hanyar kullum, da 'yan'uwanka na Bauchi, halin da ake ciki ta fuskar tsaro da lafiyar kwalta, musamman ɓangaren Ningi da kuma ƙaramar hukumar Alkaleri inda Yankari take. In suka ce a dakata, a dakata, ko da an biya masauki. Ka sa lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122, da lambar gaggawa ta ƙasa, 112, a wayar kowa. Za ku haɗu da shingayen bincike da yawa. Ka koya wa yaran tun daga gida: in an zo shinge a cire abin kunne, a sauke gilashi, ba a ɗaukar hoto, kuma kai kaɗai ke magana. Babban ya riƙe katin shaidarsa na makaranta a aljihu.

Batun waya, kada ka karɓe. Ga 'yar shekara 15 waya ita ce ƙawayenta, ita ce kyamararta, ita ce abin sauraronta, kuma karɓewa da ƙarfi yana mayar da tafiyar horo tun ba a bar Kano ba. Ku yi yarjejeniya a gida: babu waya lokacin cin abinci, babu ita a gaban gwaggo da manyan da za ku gaisar, babu ita idan an tsaya kallon wani wuri sai don hoto. Tsakanin gari da gari kowa ya yi abin da yake so. Sharaɗin da zan tsananta a kansa ɗaya ne: ba a sa hoto ko bayanin inda kuke a WhatsApp, TikTok ko Facebook sai kun bar wurin, kuma ba a sanar da duniya cewa gida babu kowa. Ka faɗi dalilin, sun isa su fahimta. A ƙara da cewa babu mai sa hoton ɗan'uwansa ba da izininsa ba, don yawancin rigimar 'yan wannan shekarun daga nan take tashi, ƙani ya ɗauki yayarsa tana barci ya tura wa mutane. Yarjejeniyar ta hau kanka da uwargida kamar yadda ta hau kansu. Da kun shiga daji ma sabis zai yi rauni da kansa, shi ya sa ya kamata tun a gida a sauke taswirar hanyar a Google Maps ta yadda za ta yi aiki babu data, a kuma tanadi caja ta mota mai baki da yawa, don faɗa a kan caja faɗa ne na gaske.

Ita 'yar 15 ɗin, ka ba ta kuɗi da littafi. Ka gaya mata abin da ka ware wa tafiyar, ta yi lissafin mai da kanta: zuwa da dawowa da zirga-zirgar cikin gari zai kai kilomita 900, Sienna mai ɗauke da mutum shida da kaya tana shan wajen lita 12 a kowane kilomita 100, ke nan sama da lita 100, sai ta ninka da farashin ranar. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan shi ne kaso mafi tsoka a kuɗin irin wannan tafiya, kuma yana da kyau yara su ga adadin da idonsu. Kuɗin ciye-ciyen hanya da tsaraba ya zama a hannunta, ita za ta ce an saya ko ba a saya ba. Za ka ga "Baba saya mana wannan" ya ragu, don yanzu da yayarsu za su yi ciniki.

Akwai wani abu game da ita da iyaye maza suke mantawa. Budurwa ba za ta buɗe baki a gaban mahaifinta da yayanta ta ce tana son kewayawa ba, ballantana in tana al'ada. Za ta ƙi shan ruwa tun daga gida, ta yi shiru, ciwon kai ya kama ta, kai kuma ka ɗauka fushi take yi. Maganin wannan shi ne kada ka jira sai an roƙa. Ka tsaya duk bayan awa ɗaya da rabi ko biyu a gidan mai ko masallacin da ke da banɗaki mai ƙofa, ka ce kowa ya sauka ya miƙe ƙafa. Uwargida ta riƙe jaka ta musamman da audugar mata, sabulu, buta da leda, kuma ku yi da ita cewa duk lokacin da ta ce a tsaya za ka tsaya ba tambaya. Tsayawar nan kai ma tana yi maka amfani, don gyangyaɗi a sitiyari ba ya sallama.

Ƙananan biyun, rabin faɗansu yunwa ce da zaman wuri ɗaya. Sienna tana da layi uku, a raba su, a riƙa sauya wurin zama a kowace tsayawa don kada taga ta zama gadon wani. Ɗan 13 ya riƙe kula da abinci, shi ke rabo, shi ke ƙirga mutane kafin mota ta tashi. A yi guzuri daga gida da abin da ba ya saurin lalacewa, dambun nama, soyayyen nama, gurasa, dafaffen ƙwai, dabino, lemo da ruwa mai yawa, a rage sayen abin da ba a san yadda aka haɗa shi ba a bakin hanya, don gudawa a rana ta biyu tana rusa komai. Wanda mota ke sa wa amai ya ci abu kaɗan mara maiƙo, ya ajiye waya, ya riƙa kallon nesa ta gilashin gaba, a bar iska tana shiga, ɗan tauna citta ma yana taimaka wa wasu. In babban da mai bi masa suka kwashe awa biyun farko suna barci, ka ƙyale su. A shekarun balaga agogon jiki yana ja baya, barci ba ya zuwa da wuri, kuma suna bukatar awa takwas zuwa goma.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Mota tana buɗe bakin matashi fiye da falo, saboda kuna zaune kafaɗa da kafaɗa, ba ido cikin ido ba, kuma babu wanda zai shigo ya katse. Ka roƙi uwargida ta ba babban kujerar gaba na wani yanki na hanya, misali daga Birnin Kudu zuwa Ningi, a wani yankin kuma a ba 'yar'uwarsa. Amma kada ka mayar da wannan dama zaman tuhuma. Uba da yawa da ya ga yaro ba shi da hanyar gudu sai ya ɗauko sakamakon jarrabawa, da askin da ya yi, da abokan da ba ya so, ya yi ta yi har Bauchi. Yaron zai sa abin kunne, kuma ba zai sake yarda a yi tafiya da shi ba. Kai ka fara ba da labari: yadda kuke zuwa Bauchi kuna yara, wace ce gwaggo a wurinka, me ta yi maka, wahalar da ka sha a aikinka na farko. Ka bar shi ya sa abin da yake saurara, matuƙar babu batsa, ka tambaye shi me ya burge shi a ciki. In ya faɗi abin da bai yi maka daɗi ba, ka haɗiye, ka ajiye gyaran sai kun dawo gida. In kuma shiru ya yi, shirun ma ba asara ba ne, zama kusa da kai na awa guda babu faɗa wani abu ne da zai tuna.

Sallah ma makaranta ce a tafiya. Da yawa daga cikin yaranmu sun karanta ƙasaru a Islamiyya amma ba su taɓa yi ba. Nisan da ake ƙasaru a mazhabar Malikiyya mil 48 ne, wajen kilomita 80, kun ninka shi. Azahar, la'asar da isha'i suna komawa raka'a biyu da zarar kun fita daga gidajen gari, kuma matafiyi yana da sauƙin haɗa azahar da la'asar. In kuka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya sai ku cika. Auta ta karanta addu'ar hawa abin hawa da ƙarfi kowa ya bi, ɗan 13 ya yi iƙama, a sa darduma da buta inda hannu zai kai ba sai an sauke kaya ba.

Wuraren tsayawa, ka ba su zaɓi tun a gida, kowa ya binciko ɗaya ya yi wa sauran bayani idan an isa. A Birnin Kudu akwai zane-zanen dutse na mutanen da, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, yawancinsu siffofin shanu, waɗanda masana suka fara rubutu a kansu a shekarun 1950. Sai an nemi mai rakiya a gari, kuma zai ci muku kamar awa guda, don haka in an makara a bar shi sai dawowa. A Bauchi kada ku wuce kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firaministan Najeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Yara sun san fuskarsa a takardar naira biyar, amma shiga ta doguwar hanyar nan mai duhu har a fito fili inda kabarin yake, da ganin 'yan kayan da ya bari, yana taɓa matashi fiye da darasin aji. Masar Bauchi kuwa ba sai na tuna maka ba. A gidan gwaggo ka faɗa musu tun a mota tsawon zaman da za a yi da abin da ake so daga gare su, gaisuwa a durƙushe, cin abin da aka kawo, taya aiki. Matashi yana jure zama in ya san iyakarsa.

Daga Bauchi zuwa Yankari ku bi hanyar Gombe, a Dindima ku karya dama zuwa ƙofar shiga da ke Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai tafiyar sama da kilomita 40 a cikin daji kafin sansanin Wikki inda masauki yake. Duka-duka ya haura kilomita 100, wajen awa biyu. Ku cika tanki a Bauchi, ku riƙe tsabar kuɗi, ku sayi ruwa da abin da za ku bukata, kuma ka kira ka tabbatar da ɗaki kafin ku taso, don ƙarshen shekara lokacin cika ne. Ka kama ɗaki biyu, kai da maza, uwargida da mata. A shekarunsu raba makwanci wajibi ne, kuma daren nan da za ka kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yanka maza wata dama ce ta hira.

Dajin ya kai faɗin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Yana cikin wurare ƙalilan da giwaye suka rage a Najeriya, akwai ɓauna, gwanki, gwambaza, dorina, kada da tsuntsaye iri-iri. Sai dai ka gaya wa yaran gaskiya tun a gida, don matashin da ya saba ganin namun daji a waya yana zaton da an shiga za a ga zaki a bakin hanya. Ba gidan zu ba ne. A Disamba ciyawa ba ta gama bushewa ba, ruwa bai ƙafe a ko'ina ba, dabbobi a warwatse suke. An fi ganinsu daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ƙishirwa ke tara su a bakin kogin Gaji. Kuna iya dacewa da giwa, kuna iya ganin sawunta da kashinta kawai. Ku fita zagayen sassafe, a motar wurin tare da ɗan rakiya, don Sienna ƙasa take da yawa ga hanyoyin ciki. Ba a sauka daga mota sai ɗan rakiya ya ce, kuma wannan gargaɗin na samarin ne musamman, masu son matsawa kusa don hoto. A sa kaya masu dogon hannu marasa duhu, saboda ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi, da dare kuma a yi maganin sauro. A roƙi ɗan rakiya ya biya da ku kogunan Marshall, ɗakunan da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse.

Dabbobin da babu shakka za ku gani su ne gwaggon biri da gadu, don a cikin sansanin suke yawo. Birran sun saba da mutane, suna fizge leda daga hannu, suna shiga ɗaki ko mota in an bar ƙofa a buɗe. Kada a ba su abinci, kada a tsokane su, kada auta ta yi yawo da abin ci a hannu, in kuma biri ya ƙwace abu a bar masa.

Ruwan Wikki shi ne abin da yara suka fi tunawa. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garau har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, ga shi lokacin sanyi za ku je. Amma ta wajen bakin dutsen zurfinsa ya kusa mita biyu, ya shanye mutum. Ka san wanda ya iya ruwa da wanda bai iya ba tun kafin ku sauka, don saurayi ba ya yarda ya ce bai iya ba a gaban mutane. Wanda bai iya ba ya tsaya inda ruwa bai wuce ƙirjinsa ba, babu tsalle daga dutse ko bishiya, babu wasan danna kai, kuma babba ɗaya ya tsaya a waje idonsa a kansu. Wurin na kowa da kowa ne, maza da mata, don haka in uwargida da 'yan matan suna son shiga, ku je da sassafe kafin jama'a su taru, da suturar da ta rufe jiki. In 'yar 15 ta ce ita ba za ta shiga ba, kada a matsa mata, kada kuma a tambaye ta dalili.

Dawowa ita ce aka fi yin sakaci da ita. Kowa ya gaji, kai ma ka yi kwanaki ba ka yi barcin kirki ba, zuciya kuma tana son a ga an isa gida. Daga Wikki zuwa Kano a rana ɗaya ya haura kilomita 400, kuma direba ɗaya ne. In za ku yi shi a tashi ɗaya, ku bar sansanin da hantsi ya ɗan ɗaga, babu zagayen safe babu wanka a ranar, kuma in uwargida tana da lasisi kuma ta saba da babbar hanya ku riƙa karɓa-karɓa. In azahar ta same ku ba ku bar Bauchi ba, ku koma gidan gwaggo ku kwana, ku kama hanya da safe. Babban ya sake duba iskar taya, ruwa da baƙin mai kafin a tashi, 'yar'uwarsa ta rufe lissafinta ta ga abin da ya rage na tsarabar maƙwabta, kuma ka bar aƙalla kwana biyu tsakanin dawowarku da komawa makaranta. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, a gaida gwaggo.